Yadda Coci Ke Tare Auren Ƙananan Yara, da Inda Aikin Ke Lalacewa

Ranar da aka zo gaban fasto da yarinya 'yar shekara 15 ana neman a sa ranar aurenta, aikin gama ya riga ya gama. An karɓi kuɗin aure, wataƙila ma an ci rabinsa, dangi na nesa sun ji labari, yarinyar kuma ta yi watanni rabonta da aji. Idan faston ya ce ba zai ɗaura ba ya yi daidai, amma abin da ya fi biyo baya shi ne iyalan biyu su koma gida su ƙarasa zancensu, a kai yarinya ɗakin miji ba da sanin coci ko hukuma ba. Sunanta ba zai shiga kowane littafi ba, kuma da wuya a ƙara ganinta a sujada. Saboda haka ikilisiyar da take son hana auren ƙananan yara da gaske, yawancin aikinta yana can baya, watanni ko shekaru kafin a kai ga maganar sa rana.

Hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa mata da 'yan mata miliyan 640 da ke raye yanzu an aurar da su ne kafin su cika shekara 18, kuma kowace shekara ana ƙara wasu miliyan 12. A 2015 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi alkawarin kawo ƙarshen abin nan da 2030, amma tafiyar da ake yi ba za ta kai ba. Illar a jiki take fara bayyana: matsalolin ciki da haihuwa suna cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a duniya, jijjiga ta fi kama su fiye da matan da suka wuce 20, doguwar naƙuda a ƙugun da bai gama girma ba kuma ita ce ke barin mace da yoyon fitsari.

Coci tana da abubuwan da gwamnati da ƙungiyoyin agaji ba su da su. Tana ganin iyali ɗaya kowane mako, shekara da shekaru. Tana da littafin baftisma da na aure. Tana da zumuntar mata da ke shiga har ɗakin uwa, inda ma'aikacin gwamnati ba ya kaiwa. Kuma albarkarta abu ce da mutane ke nema, wanda ke nufin tana iya hanawa.

Doka a rubuce, ba tare da ƙofar baya ba

Dokar ƙasa da ta coci ba kullum suke tafiya tare ba, kuma ta wannan tsaga ake wucewa. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ta sa shekara 18 ga namiji da mace, ta kuma wajabta rajistar aure. Ingila da Wales sai a 2023 suka rufe auren 'yan shekara 16 da 17 da ake yi da yardar iyaye. A Cocin Katolika, kundin dokokin 1983, a doka ta 1083, ya sa shekara 16 ga namiji da 14 ga mace a matsayin mafi ƙarancin shekarun da aure zai inganta, sai dai ya ba taron bishop-bishop na kowace ƙasa ikon ɗaga shekarun. Doka ta 1071 ta hana fada, wato limamin Katolika, ɗaura auren da dokar ƙasa ba za ta amince da shi ba sai da izinin bishop, ta 1103 kuma ta ce auren da aka yi bisa tilas ko tsananin tsoro bai ɗauru ba. Ɗariku da yawa, musamman majami'u masu zaman kansu, ba su da wata rubutacciyar doka ko kaɗan, komai yana ga ganin damar faston.

Matakin farko ke nan: majalisar dattawa ta rubuta a kundin ikilisiya cewa ba za a ɗaura aure ba sai ango da amarya sun cika 18, a karanta wa jama'a a sujada, a sa hannu. Inda irin wannan doka ke yoyo wurare biyu ne, jimlar “sai dai idan iyaye sun yarda” da jimlar “sai dai idan akwai ciki”. Kusan duk auren yarinya iyaye sun yarda da shi, da yawa kuma ciki ne ya jawo su, don haka dokar da ta bar waɗannan biyun a buɗe ba ta hana komai ba. Dole kuma dokar ta shafi abin da ake yi a wajen ginin coci. Faston da ya ƙi ɗaura aure a bagade, sannan da yamma ya je gidan biki ya yi addu'ar sa albarka, ya rushe abin da ya gina da safe. Haka dattijon da ya tsaya shaida ko ya karɓi kuɗin aure a madadin uba, haka ƙungiyar mawaƙa da ta je rakiya.

Coci ɗaya ba za ta iya ita kaɗai ba, domin wanda aka hana a nan zai gangara majami'ar da ke gaba. Sai fastocin yanki sun zauna sun yi magana ɗaya, su jawo limaman sauran addinai, da shugabannin gargajiya, da ofishin rajistar aure. Kuma kada a yi tsammanin kullum daga waje matsalar take. A Zimbabwe kotun tsarin mulki ta haramta auren 'yan ƙasa da 18 tun a watan Janairun 2016, amma a 2021 wata yarinya da aka aurar ta mutu wajen haihuwa a wurin ibadar wata ɗariƙar Apostolik a yankin Marange, abin da ya tayar da hankalin ƙasar baki ɗaya. Akwai wuraren da shugabannin coci ne da kansu ke ba da 'yan mata, suna cewa wahayi aka yi musu.

Tabbatar da shekaru da jin bakin yarinya

Doka ba ta aiki sai an san shekarun yarinya, kuma a nan ake yawan yin ƙarya. UNICEF ta ce kimanin yara miliyan 150 'yan ƙasa da shekara 5 ba a yi musu rajistar haihuwa ba. Uban da ke son aurar da 'yarsa zai iya zuwa da takardar rantsuwar shekaru da aka yi makon jiya. Ita kaɗai ba a karɓarta. Ana neman shaidar da aka rubuta tun yarinyar tana ƙarama, lokacin da babu mai dalilin ƙara mata shekaru: takardar haihuwa, katin rigakafi, rajistar shiga firamare, ko littafin baftisma. Katolika, Anglikan, Lutheran, Methodist da Orthodox suna yi wa jarirai baftisma, don haka littafinsu hujja ce mai ƙarfi. Baptist da majami'un Pentikostal ba sa yi, sai su dogara da littafin miƙa jarirai, in dai ana rubuta ranar haihuwa a ciki, kuma da yawa ba sa rubutawa. Gyaran mai sauƙi ne: a buɗe shafin ranar haihuwa da sunayen iyaye, a yi kwafi biyu, ɗaya a ofishin coci ɗaya a hedikwatar gunduma, saboda littattafai suna ɓacewa ko a goge su. Idan shaidu biyu suka saɓa, a ɗauki wadda ta fi tsufa.

A nemi masu son aure su sanar da coci aƙalla wata 3 kafin ranar. Shelar aure a gaban jama'a tsohuwar hanya ce, tun babban taron shugabannin coci na Lateran na huɗu a 1215 aka wajabta ta a cocin yammacin Turai, Anglikan kuma suna yinta Lahadi uku. Amfaninta yana raguwa ne idan ana tsammanin wani zai miƙe tsaye a tsakiyar sujada ya ƙalubalanci maƙwabcinsa. Ba mai yi. Sai an ba mutane hanyar sirri, wata dattijuwa da aka sani da riƙon amana wadda za a iya raɗa wa magana.

Ganawa da amarya kuwa ita kaɗai ake yi, ba uba, ba ango, ba goggon da ta rako ta. Mace babba daga kwamitin coci ce za ta zauna da ita, da wata ta biyu a matsayin shaida. Tambayar “kina son sa?” ba ta fito da komai, domin an riga an koya mata amsa a gida. A tambaye ta wa ya fara kawo maganar, yaushe ta bar makaranta kuma me ya sa, me zai faru a gida idan ta ce a jira shekara biyu. Yarinyar da ta sunkuyar da kai, tana murza bakin zaninta, ta ce “babana ya riga ya karɓi kuɗi”, ta faɗi duk abin da ake bukatar ji.

Ciki, da yadda horon coci ke tura yarinya gidan miji

Wannan ne wurin da ya fi zafi, kuma shi ne aka fi kauce wa. A majami'u da yawa, yarinyar da ta yi ciki ana sa ta ƙarƙashin horo. A tsayar da ita gaban jama'a ta furta zunubi, a cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, a hana ta Jibin Ubangiji, a mayar da ita bencin baya. Wanda ya yi cikin sau da yawa ba ya nan, ko yana nan ba a taɓa shi ba, don babu alama a jikinsa. Uban yarinyar, in dattijo ne ko mai muƙami, yana ganin kujerarsa na rawa. Hanya mafi sauri ta rufe kunya ita ce aure kafin ciki ya fito. Ta haka cocin da ke wa'azin hana auren yara ranar Lahadi take zama ita ce ta ƙulla shi da hannunta, kuma muna ganin babu shirin da zai yi tasiri muddin ba a taɓa wannan ba.

Abu na farko da za a tantance shi ne shekarun mutumin. Idan babba ne ita kuma ba ta kai shekarun da dokar ƙasa ta amince da yardarta ba, laifi ne aka aikata a kanta, kuma maganar ta hukuma ce. Aurar da ita gare shi daidai yake da miƙa ta ga wanda ya cuce ta, a kuma ba shi mafaka. Ko malamin makarantar Lahadi ne, ko ɗan fasto ne, ba a sasantawa a ofishin coci. Idan kuma dukansu yara ne, aure ba ya ƙara musu shekaru, sai dai ya fitar da su biyun daga makaranta.

Abin da ya kamata ya maye gurbin tsohon tsari a fili yake. A daina sa yaro ko yarinya furci a gaban jama'a, nasiha ta zama a keɓe. Wata mace daga zumunta ta ɗauki nauyin raka ta awon ciki tun farkon watanni, kuma a tabbatar a asibiti za ta haihu. Iyalan biyu su rubuta yarjejeniyar ciyar da jariri da kula da shi, ba tare da sharaɗin aure ba. A yi wa jaririn baftisma ko a miƙa shi kamar kowane jariri, domin hana hakan har sai iyaye sun yi aure wani matsin lamba ne. Sannan a sa ranar komawarta aji tun kafin ta haihu, a kuma san wa zai riƙe jaririn lokacin karatu, don a kan wannan ƙaramin abu ne komawa makaranta ta fi wargajewa. Saliyo ta ɗage haramcin karatun 'yan mata masu ciki a 2020, Tanzaniya ta buɗe wa waɗanda suka haihu ƙofar komawa a 2021. Cocin da take da makarantu nata na kanta bai kamata ta zama ita ce ta ƙarshe wajen yin haka ba.

Kuɗi

Uban da ba shi da abin biyan makaranta zai saurari wa'azi ya ce amin, sannan ya aurar da 'yarsa. Binciken da aka yi ya nuna haka. A Bangladesh an gwada horar da 'yan mata kan sanin haƙƙinsu, an kuma gwada ba iyalai man girki muddin yarinya ba ta yi aure ba. Man girkin ya rage auren wuri, horon shi kaɗai bai rage ba. A yankin Amhara na Habasha, shirin Berhane Hewan ya haɗa kayan makaranta, tattaunawar al'umma, da alkawarin akuya ga iyalin da ya bar 'yarsa ba aure har ƙarshen shirin. Auren 'yan shekara 10 zuwa 14 ya ragu ƙwarai, amma na 'yan 15 zuwa 19 ya ƙaru, wato wasu iyalai jinkirtawa kawai suka yi. Darasin da ke ciki ga coci shi ne tallafin da ya yanke a tsakiya yana ɗage ranar ne kawai.

Saboda haka asusun karatun 'yan mata na ikilisiya ya fara da adadin da zai iya kai wa har ƙarshen sakandare. Gara yara 5 har su gama da yara 30 na zango ɗaya. A biya makaranta kai tsaye a karɓi rasit, kada kuɗi ya bi ta hannun iyaye. A lissafa abubuwan da ba sa cikin kuɗin makaranta amma su ne ke korar yarinya: yunifom, kuɗin jarrabawa, audugar mata, kuɗin mota, wurin kwana idan sakandaren tana nesa. Mutum biyu ke sa hannu a asusu, a karanta rahoto a taron ikilisiya kowane wata uku, kuma 'ya'yan masu kwamiti ba sa shiga gaba, in ba haka ba zargin son kai zai sa mutane su daina ba da gudummawa. Ga iyaye mata, ƙungiyar adashi da bashi ta mutum 15 zuwa 25 tana ba da abin da za a kama idan rashin lafiya ko asarar amfanin gona ta faɗo, domin a irin wannan lokaci ne kuɗin aure ke zama mafita.

Sanin wace yarinya ce ke bakin rami

Kwamiti na mutum 5 zuwa 7 ya isa, mafi yawansu mata, da malamin makaranta ɗaya, da ma'aikaciyar lafiya in akwai, da matashiya ɗaya da 'yan mata ke sakewa da ita. Aikinsu su riƙe jerin dukan 'yan matan ikilisiya masu shekara 10 zuwa 17, da ajin kowacce, su duba shi farkon kowane zango. Alamomin haɗari sanannu ne: gama firamare ba maganar sakandare, faɗuwa jarrabawa, mutuwar uba ko uwa, zama a hannun dangi, bashin da ya danne gida, tura yarinya aikatau, yayar da aka aurar da wuri. Yarinyar da aka yi mako biyu ba a gani a aji ko a makarantar Lahadi ba, a je gidan cikin makon. Mata biyu ke zuwa, su fara da uwa, da tambayar lafiya da abin da ya tsare yarinyar. Zuwa da barazanar 'yan sanda a ziyarar farko yana sa a kwashe yarinya a kai ta wani gari cikin dare. Jerin nan sirri ne, a kulle yake, ba a karanta shi a taron addu'a da sunan roƙo.

Wa'azi yana da nasa wuri. Masu kare auren wuri sukan kawo Maryamu, alhali Littafi Mai Tsarki bai faɗi shekarunta ba. A Farawa 24 an kira Rifkatu an tambaye ta ko za ta tafi kafin a sallame ta. A Markus 5 'yar Yayirus shekararta 12, Yesu ya kira ta yarinya, ya ce a ba ta abinci. A sa wa'azin gab da dogon hutu da lokacin da aka fi yin bukukuwa. Amma zukata sun fi juyawa a ƙaramin zama inda mutum zai iya musu. Ƙungiyar agaji ta Kirista World Vision, a shirinta na Channels of Hope, tana fara horar da shugabannin addini da matansu, su kuma su kafa ƙungiyoyin aiki a ikilisiyoyinsu. Tearfund, wata ƙungiyar agajin ta Kirista, tana da tattaunawar mako 6 da maza da mata ke fara yi a rarrabe kafin su haɗu. Zumuntar maza ce aka fi mantawa da ita, alhali su ne masu karɓar kuɗin kuma su ne masu auren.

Idan yarinya ta gudo, ko an riga an kai ta

A sa ta a gidan wata dattijuwa da kwamiti ya tantance tun da wuri, kada ta kwana gidan fasto ko wani namiji ita kaɗai. A sanar da ofishin jin daɗin jama'a ko sashen kare yara na 'yan sanda cikin awa 24, a rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, a kai ta asibiti. Kada a yi mata alkawarin cewa ba wanda zai ji, a gaya mata gaskiya wa za a sanar kuma don me. Kuskuren da aka fi yi shi ne kiran taron sulhu, a yi addu'a, a mayar da ita da dare. Maganar mayar da kuɗin aure tana riƙe iyaye da yawa, coci na iya shiga tsakani a tsara biya kaɗan-kaɗan, amma kada komawar yarinya gida ta rataya a kan biyan. A Malawi, basarakiya Theresa Kachindamoto ta gundumar Dedza ta raba ɗaruruwan irin waɗannan aure, kuma abin da ya ba aikinta ƙarfi shi ne mayar da yaran makaranta. Wadda aka fitar aka ajiye a gida ba karatu ba sana'a, ga gorin maƙwabta, sau da yawa da ƙafarta take komawa.

A ƙarshen shekara, yawan tarurrukan wayar da kai ba ya nuna komai, haka ma cewa “babu auren yara a littafin cocinmu”, tunda waɗanda aka aurar a gida ba sa shiga littafin. A ɗauko jerin 'yan matan da aka rubuta a farkon shekara a bi su ɗaya bayan ɗaya: nawa ke aji har yanzu, nawa suka haihu suka koma, nawa aka ce “ta tafi wurin 'yan uwa”. Kowace ta rukunin ƙarshen nan sai an samu wanda ya gan ta da idonsa, ko ya yi magana da ita ita kaɗai, kafin a rufe shafinta.